Martani: Malam, Ka Yi wa Wasannin Yaƙi Kuɗin Goro

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi kwanakin baya a kan wasannin yaƙi na kwamfuta, inda ya tara laifuffuka ya jibga wa masu yin su. Ya ce suna arhantar da jini a idon matasa a daidai lokacin da jini ke kwarara a Zamfara da Katsina da Borno. Ya ce ɓarnar lokaci ne da kuɗin data. Sannan ya ƙare da abin da ya fi ba shi haushi, wato muhawarar da 'yan wasan ke yi a tsakaninsu bayan an tashi, wadda ya kira hirar janar-janar na kan tabarma, mutanen da ko ƙarar bindigar toka ba su taɓa ji a kusa ba amma suna gyara wa manyan kwamandojin tarihi kuskure. Ba na shakkar niyyarsa. Duk wanda ya taɓa zuwa ta'aziyyar mutumin da 'yan bindiga suka kashe yana da haƙƙin ya ji ƙyamar duk wani abu da ya haɗa yaƙi da wasa. Sai dai Malam, ka yi kuɗin goro, kuma abin da ka fi zagi shi ne ya fi komai amfani a cikin sha'anin.

Misalan da ka kawo na harbi da fashewa duk daga gem ɗin da yara ke bugawa a waya da gidan gem ka ɗauko su, irin su Call of Duty da PUBG da Free Fire. A can kai ne mutum ɗaya riƙe da bindiga, a harbe ka ka laɓe bayan bango ka warke, a ƙarshe a ƙirga mutum nawa ka kashe a yi maka tafi. Har rundunar sojan Amurka ta taɓa fitar da irinsa da kanta a 2002, mai suna America's Army, domin jawo samari su shiga soja. Da a nan ka tsaya, da mun zauna mun tattauna, ƙila ma mu haɗu a wasu wurare. Amma mutanen da ka ji suna gardama a kan ta wane gefe ya kamata a ɓullo wa tudu, ko yaushe ya kamata a janye, ba waɗannan suke bugawa ba. Nasu wani dangi ne daban, mai tafiyar hawainiya, wanda yaron gidan gem zai yi hamma ya tashi kafin minti goma. Akwai Steel Panthers na 1995, da Close Combat na 1996, da Combat Mission da ya fara fitowa a 2000, da ire-irensu da suka biyo baya.

Bari in zaunar da kai gaban ɗaya. A Combat Mission an ba ka kamfanin sojan Amurka, mutum ɗari da 'yan kai, a yankin Normandi na Faransa cikin watan Yulin 1944. Ƙasar wurin ƙananan gonaki ce, kowace an kewaye ta da tudun ƙasa da itatuwa masu duhu suka tsiro a kai, har ba ka ganin abin da ke gonar gaba. An ce ka kama wani gidan gona da ke mita ɗari huɗu a gabanka. Babu bindiga a hannunka, umarni kawai kake bayarwa: waɗannan su rarrafa zuwa bakin shinge, waɗancan su tsare kusurwa, tankar Sherman ta tsaya a baya kada ta leƙo. Abokin karawarka yana can yana ba da nasa umarnin ba ka gani. In kun gama, kwamfuta ta haɗa umarnin biyu ta gudanar da daƙiƙa 60 na faɗa, kuma a cikin minti ɗayan nan ba ka da ikon taɓa komai. Sai kallo.

To ka ga wuri shiru, sai ka ce mutum goma sha biyu su tsallaka gonar da gudu. Suna kai tsakiya sai bindiga mai jigida ta Jamus, MG42, wadda ke zubar da harsashi kusan 1,200 a minti, ta buɗe musu wuta daga kusurwar da ba ka aika kowa ya leƙa ba. Uku sun faɗi, har da sajen. Sauran sun manne da ƙasa. A zagaye na gaba ka ce su tashi su ci gaba, su ƙi, domin wasan yana lissafa tsoro kamar yadda yake lissafa harsashi. Biyu ma sun juya da gudu sun bar maka umarninka. Ka nemi agajin igwa, a ce sai bayan wasu mintuna, shi ma in mai hangen yana ganin wurin kuma oba-obarsa na aiki. Can wani sojanka ya hango tanka cikin ƙura ya kawo rahoton Tiger ce, hankalinka ya tashi ka janye Sherman ɗinka, daga baya a gano Panzer IV ce wadda da ka iya karawa da ita. Masu wasan da gangan suka sa wannan, saboda sojojin ƙawance na gaske sun sha kallon kowace tankar Jamus a matsayin Tiger, alhali Tiger ɗin farko da aka ƙera duka-duka ba su wuce 1,350 ba, Sherman kuwa sun kusa 50,000. A ƙarshe, ko da ka kama gidan gonar, in ka zubar da rabin mutanenka a hanya, lissafin wasan na iya cewa canjaras ne ko ma an ci ka.

Ina arhar jinin take a nan? Mutumin da ya yi wata guda yana shan irin wannan kashi, abin da yake koya shi ne tsoron fili, da aika ɗan leƙe kafin ya motsa jama'a, da haƙurin jiran igwa, da sanin cewa soja mutum ne mai zuciya wanda ba a tura shi kamar ɗan dara. Close Combat ma a kan wannan aka gina shi tun asali. Kowane soja yana da sunansa da halin da zuciyarsa ke ciki, kuma wanda ya tsira yau shi za ka tafi da shi faɗan gobe, wanda ka salwantar kuwa a maye maka gurbinsa da sabon shiga da bai san komai ba. Marubucin Ingila H.G. Wells, wanda ya yi suna wajen ƙin yaƙi, shi ne ya wallafa dokokin wasan yaƙi da 'yan sojojin dalma a littafinsa Little Wars a 1913, shekara ɗaya kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma hujjarsa ita ce wanda ya buga ƙaramin yaƙi 'yan lokuta zai gane irin shirme da asarar da ke cikin babba.

Batun cewa gem ne ke haifar da masu kisa kuwa, an daɗe ana bincikensa. Masu bincike na Jami'ar Oxford sun yi nazari a kan matasa kusan dubu ɗaya 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya tare da iyayensu, suka wallafa a 2019 cewa ba su sami alaƙa tsakanin buga gem mai faɗa da halin tashin hankali ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, wadda a da ta fi kowa nuna damuwa, ta fito a 2020 ta ce babu isasshiyar hujjar da za a jingina aikata ta'asa ga gem. Wannan fa a kan gem ɗin harbi ake magana, balle wanda rabinsa karatun taswira ne. Mu kuma da muke nan ba ma buƙatar Oxford ta gaya mana. Rikicin Maitatsine ya ci fiye da mutum 4,000 a Kano a Disambar 1980, shekarar da kamfanin SSI ya fitar da Computer Bismarck, ɗaya daga cikin wasannin yaƙi na farko da aka sayar don kwamfutar gida, lokacin da babu wani yaron Kano da ya taɓa ganin irinta. Yaron da ke riƙe da AK-47 a dajin Rugu bai biyo ta gaban kwamfuta ba. Ya biyo ta satar shanu da ramuwar gayya da rikicin gona da burtali, da makaman da suka malalo bayan rugujewar Libiya a 2011, da ƙwaya, da kuɗin fansa da suka mai da daji kasuwa. A ɗora wa gem wannan kaya sauƙaƙa wa masu laifin gaske ne.

Yanzu mu zo kan janar-janar na kan tabarma, inda na fi jin ka yi mana rashin adalci. Ka san yadda hirar take kuwa? In an gama wasa, kowa ya buɗe wa ɗan'uwansa abin da ya ɓoye. Wannan ya ce, "Au, a nan ka laɓe da igwar? Ni duk na ɗauka tana bayan cocin nan, shi ya sa na ƙona rabin albarusaina a can." Wancan ya ce, "Da ka jefa hayaƙi ka biyo ta kwari, wallahi ba ni da kowa a gefen, mutum shida ne kawai." Wani na uku da bai buga ba ya sa baki ya ce kuskuren tun daga farko ne, da aka raba ƙarfi gida uku maimakon a tara shi wuri ɗaya. A yi ta ja, a dawo da hoton mintin da abin ya lalace a sake kallonsa ta idon wannan soja da na wancan. Wasu sukan rubuta rahoton kowane zagaye, da abin da suka yi zato da abin da ya faru, su miƙa wa 'yan'uwa su yi musu fiɗa. Ba a cin wannan gardama da girman murya ko da shekaru, domin fayil ɗin wasan na nan, in ka ce dabararka ta fi sai a ce bismillah, zo ka karɓi ɓangaren ka gwada. Ni ban san wurare da yawa a rayuwarmu ba inda mutum ke tsayawa gaban jama'a ya zayyana yadda ya yi wauta dalla-dalla, a gyara masa, ya yi godiya, gobe ya dawo.

Kuma wannan al'ada sojoji ne suka ƙirƙiro ta, ba zauna-gari-banza ba. A 1824 wani matashin hafsan igwa na ƙasar Purushiya, wadda daga baya ta zama ƙashin bayan Jamus, mai suna Reisswitz, ya gyara wasan da mahaifinsa ya fara ya kai shi gaban shugaban hafsoshin ƙasar, Janar von Müffling. Taswira ce ta gaske, da 'yan ƙarafa ja da shuɗi a matsayin runduna, da alƙali a tsakiya wanda shi kaɗai ya san inda kowa yake, yana karɓar umarni a rubuce yana jefa ɗan ludo don abin da ba a iya hasashe. Janar ɗin ya zo da raini ya tashi yana cewa a raba wa kowace runduna. Da Purushiya ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka ruga suna kwaikwayo. Aikin da alƙalin nan ke yi shi kwamfuta ta gada, ta riƙe sirrin kowane ɓangare ta yanke hukunci babu sani babu sabo.

Labarin da na fi so in ba ka shi ne na Libaful. A farkon 1942 jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suna ta nutsar da ayarin jiragen da ke kawo wa Birtaniya abinci da mai, an rasa gane yadda suke yi. Aka ba wani hafsan ruwa da ciwon tarin fuka ya fitar daga aiki, Kyaftin Gilbert Roberts, wani ɗaki a saman bene a birnin Libaful da wasu 'yan mata na rundunar ruwa, wasunsu ba su kai shekara ashirin ba kuma ba su taɓa fita teku yaƙi ba. Suka zana teku a daɓen ɗaki da alli, suka riƙa maimaita hare-haren da aka kai bisa rahoton waɗanda suka tsira, suna gardama a kan abin da ya dace da lissafi da wanda bai dace ba. A haka suka gano cewa jiragen Jamus ba daga nesa suke harbi ba kamar yadda manya suka ɗauka, sulalewa suke cikin dare su shiga tsakiyar ayarin su yi ɓarna daga ciki. Suka tsara dabarar kama su, suka riƙa sa kyaftin-kyaftin na gaske su buga wasan suna leƙe ta 'yar kafar labule don kada su ga fiye da abin da za su gani a teku. Shi kansa babban kwamandan yankin, Admiral Max Horton, tsohon gwanin jirgin ƙarƙashin teku, ya karɓi ɓangaren Jamus ya gwada, ɗaya daga cikin 'yan matan mai suna Janet Okell ta yi ta nutsar da shi. Kafin yaƙin ya ƙare hafsoshi kusan 5,000 sun bi ta ɗakin nan. Da ma'auninka za a bi, Malam, ai waɗannan 'yan mata su ne shugabannin janar-janar na kan tabarma.

Akwai kuma ɗaya gefen, na waɗanda suka buga wasan suka ƙi sauraron abin da ya gaya musu. A Mayun 1942 hafsoshin ruwan Japan sun gwada shirin harin tsibirin Midway a kan tebur cikin jirgin Yamato. Kamar yadda waɗanda suka halarta suka ruwaito, alƙali ya yanke cewa bama-bamai tara sun sami jiragensu masu ɗaukar jiragen sama, Akagi da Kaga sun nutse. Admiral Ugaki ya soke hukuncin ya mai da tara uku, ya ceto Akagi, can gaba ma aka ga Kaga ta dawo cikin wasa kamar ba abin da ya same ta. Bayan wata ɗaya a Midway ta gaske Japan ta rasa irin waɗannan jirage guda huɗu, har da biyun nan. Amurka ma ba ta tsira ba. A atisayen Millennium Challenge na 2002, wanda ya ci kusan dala miliyan 250, tsohon janar Paul Van Riper da aka ba ɓangaren abokan gaba ya daina amfani da rediyo ya koma aika saƙo ta 'yan babur, ya tara ƙananan kwale-kwale da makamai masu linzami ya nutsar da jiragen yaƙi 16 a tashin farko. Sai aka dawo da jiragen, aka ɗaure masa hannu da dokoki, aka ci gaba har ɓangaren Amurka ya yi nasara. Shekarar da ta biyo baya suka shiga Iraƙi. A duka biyun wasan ya yi aikinsa, abin da aka rasa shi ne zaman gardamar da ƙarami zai ce wa babba shirin nan yana da rami, babba kuma ya saurara. Zaman da kake yi wa dariya ke nan.

In kana neman janar-janar na kan tabarma na gaskiya, ba sai ka je gaban kwamfuta ba. Ka zauna teburin mai shayi ran da aka kai wani hari, ka ji. A tura soja dubu goma su shiga dajin su gama da su cikin sati biyu. A yi ruwan bama-bamai a share wurin kowa ya huta. Mai faɗin haka bai taɓa tambayar kansa lita nawa na ruwa da mai soja dubu goma ke sha a rana ba, ko ta wace hanya motar za ta bi da damina, ko wa zai tsare hanyar in an wuce, ko yaya matuƙin jirgi zai bambance ɗan bindiga da mai zuwa Mauludi daga sama. Mun ga abin da ya faru a Tudun Biri a Disambar 2023, da kuma Rann a Janairun 2017. A irin wannan zama, wanda ya saba da wasannin nan shi za ka ji yana cewa a yi a hankali, daji ba fili ba ne, mai babur da ya san ƙasa ya fi mai tanka da bai san ta ba, kama wuri daban riƙe shi daban. Shan kaye a hannun kwamfuta ya rage masa cika baki. Ban ce ya zama soja ba. Bai san nauyin jaka ba, bai san yunwa da sauro da warin gawa ba, kuma duk ɗan wasan da ya ɗauka zai iya koya wa wanda ya kwana a Sambisa aiki, wawa ne, ka zage shi in taya ka. Amma ɗan ƙasa da zai yi zaɓe, ya yi sharhi, ya goyi bayan yaƙi ko sulhu, gara ya san cewa shiri kan rushe a mintin farko.

Abin mamaki, Malam, akwai sukar da ta fi taka ƙarfi wadda ba ka kawo ba, bari in kawo maka ita. Taswirar wasannin nan a share take. Ƙauyen da kake ruwan igwa a kai babu tsohuwa a ciki, babu jariri, babu mai gudun hijira da tabarma a ka yana toshe hanyar tankarka. Mu da muka ga sansanonin Maiduguri mun san cewa waɗannan su ne mafi yawan abin da yaƙi ke bari. A Yaƙin Duniya na Biyu fararen hula da suka mutu sun fi sojoji yawa nesa ba kusa ba, Tarayyar Sobiyet kaɗai ta rasa mutum kusan miliyan 27, galibinsu ba masu kaki ba. Wannan giɓi ne na gaske. Daga cikinsa kuma wata cuta ta fito, ta sha'awar sojan Jamus na zamanin Hitila. Bayan yaƙi janarorin Jamus irin su Manstein da Guderian sun rubuta tarihin kansu, Halder kuma ya yi shekaru yana yi wa sashen tarihi na sojan Amurka aiki, suka zana kansu a matsayin ƙwararru masu tsabtar hannu waɗanda yawan Rashawa da sanyi da haukan Hitila suka kayar. Wasannin farko sun sha daga wannan rijiya sosai. Malaman tarihi biyu, Ronald Smelser da Edward Davies, sun yi littafi guda a 2008 a kan wannan tatsuniya ta fagen gabas, kuma 'yan wasan yaƙi na cikin waɗanda suka ɗora wa alhakin yaɗa ta. Har yau za ka haɗu da wanda ya haddace kaurin ƙarfen kowace tankar Jamus amma bai san abin da rundunonin suka yi wa ƙauyukan Belarus ba.

To amma a ina ake maganin irin wannan mutum? A zaman gardamar dai. Can ne wani zai jawo masa aikin David Glantz, wanda ya buɗe wa masu karatun Ingilishi takardun sojan Sobiyet, ya nuna cewa Rashawa da dabara suka ci yaƙin ba da yawa kaɗai ba, kamar yadda suka yaudari Jamus suka ragargaza rundunarta ta tsakiya a bazarar 1944. Can ne kuma ake rushe tatsuniyar ɗaya ɓangaren, ta faɗan tankoki na Prokhorovka ran 12 ga Yulin 1943, wanda aka daɗe ana cewa Jamus ta yi asarar ɗaruruwan tankoki, sai takardun da aka buɗe daga baya suka nuna Sobiyet ce ta yi asarar ɗaruruwa a ranar, ta Jamus kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ke buga wasansa shi kaɗai a ɗaki shi ya fi saurin haɗiye ƙarya. In ka hana hirar ka bar wasan, dara ce za ta ci gida.

Zancen ɓata lokaci ba zan ja da kai da nisa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, da sharaɗin abin ya fi ƙarfin mutum ya lalata masa aiki ko karatu ko iyali na kimanin shekara guda. Wanda wasa ya hana shi salla ko neman abinci ya shiga uku, ko Combat Mission yake bugawa ko ludo ko kallon Firimiya. Sai dai yawancin masu irin wasanmu ta imel suke yi. Ka ba da umarninka bayan isha, ka aika fayil, abokinka a wata ƙasa ya buɗe in ya tashi daga aiki ya maido maka gobe. Minti ashirin a rana, faɗa ɗaya ya kai wata biyu, in an ɗauke wuta ma babu abin da ya ɓaci. Dattawan da ke zaman dara a gindin bishiya daga la'asar zuwa magariba sun fi mu ba ta lokaci, ban kuma ji ka rubuta a kansu ba.

Ni abin da ke damuna daban ne. Na yaƙi Normandi da Kursk da hamadar Libiya har na gaji, amma kakanninmu ba kasafai ake ganinsu a allon ba. Birged ta 23 ta Najeriya ta taso daga Mogadishu ta kai Harar a 1941 tana korar sojan Italiya. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda Hausa ce harshen bariki, sun yi faɗa da Japan a kwarin Kaladan da Arakan na ƙasar Bama, suna ɗauke da kaya a ka cikin dajin da mota ba ta shiga, ana jefo musu abinci daga sama, har suka kama Myohaung a Janairun 1945. Sunayen nan suna manne a ƙofofin barikokinmu, yaranmu na wucewa ba su san daga ina suka zo ba. Ga Tabkin Kwatto a 1804, inda maharban jama'ar Shehu suka karya dawakin Gobir masu lifidi, wanda Abdullahi ɗan Fodiyo da Muhammadu Bello suka bar mana bayaninsa a rubuce. Ga Kano a Fabrairun 1903, da badalarta da ƙofofinta, Sarki Alu ba ya gari, Kanar Morland na sojan Birtaniya ya zo da igwa da bindiga mai ruwa. Me ya sa ganuwar da ta tsare birni ɗaruruwan shekaru ta faɗi a yini ɗaya? Da an tare su a hanya kafin su iso fa? Me ya kai dawakin Wazirin Kano Ahmadu ga afka wa sojan da suka yi sahu a Kwatarkwashi? Ɗalibin da aka ba shi ɓangare ɗaya ya gwada, ya sha kashi, ya yi gardama da abokinsa a kai, ba zai manta darasin ba kamar yadda yake manta shekarun da ya haddace don jarrabawa. Da yawa daga wasannin nan suna zuwa da kayan zana taswira da tsara faɗa, kuma muna da samari a Kano da Zariya da Damagaram masu iya rubuta manhaja. Abin da ya rage shi ne malaman tarihi su zauna da su, a kuma sa mutanen ƙauye a cikin taswirar, tunda mu mun san suna nan.

Saboda haka Malam, ga gayyata. Ka zaɓi ɓangaren da kake so da faɗan da kake so, mu yi ta imel, zagaye ɗaya a rana, ba zai hana ka rubutunka ba. In mun gama ka zauna a hirar da za ta biyo baya, ka ji yadda za a yi mana fiɗa ni da kai, sannan ka sake ɗaukar alƙalami ka rubuta abin da ka gani.